Yadda za a raba ɗaliban sakandare da haddar jawabi a muhawara

Sabon Malami:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan tafiyar da kulob ɗin muhawara da lacca a babbar sakandare, aji huɗu zuwa aji shida, makarantar jeka-ka-dawo mai maza da mata. Yaran da suka rubuta suna kusan 60 ne, lokacin kulob kuma awa ɗaya da rabi ne a mako. Wane tsari ya fi dacewa, yaya ake ba da maki, kuma su wa ya kamata a riƙa gayyata su yi wa yara lacca? Allah ya saka da alheri.

Alƙalin Gasa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo batun maki sai ka fara yanke shawarar abin da kake so yaran su iya, domin tsarin da aka saba da shi a makarantunmu hadda yake koyarwa. Ka san shi: babban mai magana minti 5, mataimaka biyu minti 3 kowanne, a ba da maudu'i tun saura mako biyu, malami ya zauna ya rubuta jawabi, yaro ya haddace. Ranar gasa sai ya ƙone kusan rabin minti yana gaida shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci da abokan karawa da 'yan kallo, sannan ya zubo abin da ya haddace, ya koma ya zauna.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka fitar da ɓangare ɗaya daga ɗakin gaba ɗaya, ka ce ɗaya ɓangaren ya yi magana. Idan ko kalma ɗaya ba ta canza a jawabinsu ba, to ba muhawara suke yi ba, karatun hadda ne ake yi bi da bi.

Tsarin da ke gyara wannan shi ne na gasar muhawarar makarantu ta duniya, wanda ake kira World Schools, da aka fara a Ostireliya a 1988. Kowane ɓangare mutum uku ne. Kowa minti 8 yake yi, ana karɓa-karɓa: na farko daga masu goyon baya, na farko daga masu suka, haka har a kai na uku. Daga nan sai jawabin rufewa na minti 4, wanda na farko ko na biyu yake yi, na uku ba ya yi, kuma masu suka ne ke fara rufewa, masu goyon baya su yi ta ƙarshe. Jimla minti 56. Ga yaran da ba su saba ba minti 8 ya yi yawa, za su ƙare a minti na uku su tsaya suna kallon rufi. Ka mayar da shi minti 5, rufewa minti 3, ya zama minti 36.

Aikin kowane mutum daban ne, nan ne ma ake yawan kuskure. Na farko shi ke fayyace ma'anar maudu'in, ya faɗi matsayarsu, ya kawo hujja biyu. Na biyu zai fara da rushe abin da aka faɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa, sannan ya ƙara hujja ɗaya sabuwa. Na uku kusan duk aikinsa martani ne, ba a so ya ɓullo da sabuwar hujja tunda ɗaya ɓangaren ba su da sauran damar amsa ta yadda ya kamata. Wannan na ukun ba ya haddatuwa ko an so, saboda sai ya ji abin da aka faɗa kafin ya san abin da zai ce.

Malamin Turanci:
Yallaɓai, na yarda da rabin maganarka. Amma haddar nan da ake raina tana da ranarta. A takardar Turanci ta WAEC akan kawo tambayar da za a ce kai ne babban mai magana a muhawara, ka rubuta jawabinka na goyon baya ko na suka, kuma kalmomi kusan 450 ake so. Yaron da ya taɓa haddace jawabi biyu ko uku ya san yadda ake buɗewa, ya san kalmomin da ke haɗa sakin layi da sakin layi, ya san yadda ake rufewa. Na biyu kuma, yaron da Turancinsa bai wuce na amsa gaisuwa ba, idan ka tsayar da shi gaban mutane ka ce ya mayar da martani nan take, dariya za a yi masa, kuma ba zai sake dawowa kulob ba.

Malamin Hausa:
Malam, ai ka faɗi cutar da bakinka. Abu biyu ake ɗora wa yaron lokaci guda: ya yi tunani, kuma ya yi shi da harshen da bai mallaka ba. A raba masa su. Makonni huɗu na farko a yi muhawara da Hausa zalla. Yaran nan da ake cewa ba su iya magana ba, ka saurare su a bakin get suna musun ƙwallo, za ka ji hujja da misali da raddi, har da kama mutum da maganar da ya yi ɗazu. Dabarar tana nan, wurin zama ne ba a ba ta ba. Bayan sun iya jera hujja da Hausa, sai a maimaita maudu'in da suka riga suka yi, wannan karon da Turanci. Tunda sun san abin da za su ce, abin da ya rage neman kalma ne kawai.

Malamin Turanci:
Matsalar ita ce idan aka fara da Hausa ba a dawowa. Yara za su ji daɗi, malami ma zai ji daɗi, zango ya ƙare ba a yi ko ɗaya da Turanci ba, alhali gasar shiyya da ta jiha galibi da Turanci ake yi.

Malamin Hausa:
Sai a rubuta a jadawali tun farko, a liƙa a allon sanarwa: mako na biyar an koma Turanci, daga nan kuma uku da Turanci, ɗaya da Hausa. Amma a kula da abu ɗaya. Ranar Hausa Hausa ce, ranar Turanci Turanci ne. Wanda ya gauraya a rage masa a makin salo. In ba haka ba za a tashi da yaran da ba su iya kammala jimla ɗaya a kowane harshe ba.

Malama Mai Adabi:
Akwai hanyar da za ta biya wa Malamin Turanci buƙatarsa ba tare da an koma hadda ba. A hana hawa da cikakken rubutu, a ba kowa kati girman tafin hannu, ana yanka shi daga kwalin da ya ƙare aiki. Kalmomin da ke kai kada su wuce 30: kan hujja, adadi ko shekara idan akwai, da jimlar farko. Bayan an gama muhawara, aikin gida shi ne kowa ya rubuta jawabinsa cikakke, kalmomi 450, malamin Turanci ya duba. Rubutun ya biyo bayan maganar ke nan, kuma zai fi kyau, domin yaron ya riga ya ji inda aka kama shi.

Mutum yana furta kalmomi tsakanin 130 zuwa 150 a minti idan yana magana a natse. Jawabin minti 5 ke nan ya kai kalmomi 650 zuwa 750. Shi ya sa hujja biyu masu nauyi suka isa. Yaran da ke zuwa da "dalilai bakwai" jerin kanun magana kawai suke karantowa, kowanne jimla ɗaya, ba wanda aka tabbatar.

Kowace hujja ƙafa huɗu take da su. Da'awa, wato abin da kake cewa. Dalili, wato yadda abin yake faruwa mataki-mataki. Misali. Sai ɗaurewa, ka dawo da ita kan maudu'in. A ce maudu'in shi ne gwamnati ta hana amfani da ledar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Da'awa: leda na jawo ambaliya a unguwanni. Dalili: ba ta ruɓewa, iska na kwashe ta zuwa kwata, ta tare yashi da shara, ruwan damina ya rasa hanya ya shiga gidaje. Misali: Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, saboda haka abu ne da ƙasashen Afirka suka gwada. Ɗaurewa: tunda yashe kwata kowace shekara bai hana ta sake cikewa ba, sai a tare abin daga tushe. Ƙafar da yara suka fi tsallakewa ita ce dalili. Suna tashi daga da'awa su dira kan misali. Maganinsa, duk lokacin da yaro ya faɗi abu a atisaye, abokinsa ya tambaye shi "ta yaya?" sau uku a jere.

Martani ma yana da tsani: sun ce kaza, amma ba haka ba ne, saboda kaza, don haka hujjarsu ta faɗi ko ta yi rauni. Idan aka bar yara ba tsani, martaninsu ba ya wuce "abokin karawata bai san abin da yake faɗa ba", 'yan kallo su yi tafi, alhali ba a rushe komai ba.

Sabon Malami:
Na gode ƙwarai. To yara 60 fa? Idan shida ne ke magana a mako, wani sai zango ya ƙare bai buɗe baki ba.

Alƙalin Gasa:
Kada ka tara su a zaure ɗaya. Raba su ɗaki biyar, kowane ɗaki mutum 12: shida masu magana, shugaban zama ɗaya, mai kula da lokaci ɗaya, alƙalai uku daga cikin ɗalibai, da ɗaya mai rubuta hujjojin da aka kawo a allo. Mako mai zuwa a juya, masu magana su koma alƙalanci, waɗancan su hau. Kowa zai yi magana sau ɗaya a mako biyu. Alƙalancin kansa darasi ne, domin wanda ya zauna yana neman inda hujja ta karye ya fi saurin gane tasa.

Lissafin minti 90 ɗin: minti 5 a sanar da maudu'i a jefa kwabo don raba ɓangare, minti 30 shiri, minti 36 muhawara, minti 10 bayanin alƙalai, sauran na shiga da fita. A gasar duniya, muhawarar da ba a sanar da maudu'inta tun da wuri ba awa ɗaya ake ba da ta shiri, ba waya, ba koci a ɗakin. A nan ma a bi wannan: lokacin shiri malami ya fita. Idan ya zauna, shi zai yi musu tunanin.

Kai kaɗai ba za ka iya ɗaki biyar ba. Ka nemi malamai biyu ko masu yi wa ƙasa hidima da aka turo makarantar, sannan 'yan aji shida su riƙe sauran ɗakunan a zangon farko. Daga zango na biyu kada ka dogara da su, rajistar JAMB da shirin WAEC da NECO za su ɗauke su. Ƙashin bayan kulob 'yan aji huɗu da biyar ne.

Tsohon Firinsifal:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma abin da ke rufe kulob a makaranta ba tsari ba ne, maudu'i ne. Ku bar ni in daɗe a nan.

Akwai maudu'an da ba su da illa amma ba su da amfani: likita ya fi malami, uwa ta fi uba, noma ya fi kasuwanci. Ba ma'aunin da za a auna su da shi, kowa zai yabi nasa ne har lokaci ya ƙare. Maudu'i mai kyau yana cewa wani ya yi wani abu: makaranta ta hana, gwamnati ta soke, iyaye su daina. Da zarar an sa aiki a ciki, tambayoyi sun fito da kansu: wa zai aiwatar, nawa zai ci, wa zai amfana, wa zai cutu, akwai hanyar da ta fi. Misali a hana ɗaliban sakandare riƙe waya, a soke bulala a makarantu, a soke sanya yunifom, a wajabta wa kowane ɗalibi koyon sana'ar hannu kafin ya gama, a koyar da lissafi da kimiyya da harshen uwa har ƙarshen firamare. Wannan na ƙarshen yana da abin karantawa a cikin gida, domin Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yaran firamare da Yarbanci a Ile-Ife tun daga 1970.

Sai waɗanda ba a taɓawa. Duk maudu'in da zai sa yaro ya jawo aya ko hadisi a matsayin hujja, a bar shi. Dalilin a fili yake: ɗaya ɓangaren aikinsu rushe hujja ne, kuma ba za ka sa ɗan mutane ya tsaya gaban jama'a yana neman rushe nassi don maki ba. Ko dai ya yi shiru ya faɗi, ko ya yi magana gobe iyaye su cika ofis. Haka kwatanta ƙabila da ƙabila, da jam'iyya da jam'iyya, da sunan gwamna ko ɗan takara mai rai. A kuma guji maudu'in da zai nuna wani yaro a ɗakin da yatsa, kamar 'ya'yan sakakkun mata ko 'ya'yan talakawa.

Kowane maudu'i ya bi ta teburin shugaban makaranta ko mataimakinsa a farkon zango, jeri ɗaya, ya sa hannu. Ba don ya fi ku sani ba, don ranar da magana ta taso ya zama da saninsa.

Malama Mai Adabi:
Baba, a nan ina da ɗan ja. Idan aka tsaya kan yunifom da waya kaɗai, yara za su gane cewa abubuwan da suka fi damunsu ba a yarda a tattauna su ba. Auren wuri da shaye-shaye da talla suna cikin rayuwarsu.

Tsohon Firinsifal:
'Yata, ban ce a binne su ba. Na ce a sauya musu mazubi. Shaye-shaye ba shi da ɓangare biyu da za a raba wa yara, lacca ce ta dace da shi. Talla kuma ana iya yi idan aka gyara lafazin: gwamnati ta riƙa ba iyaye tallafin kuɗi da sharaɗin 'yarsu ta zauna a aji. Yanzu ana musu ne a kan hanya da kuɗi da yadda za a tabbatar, ba a kan mutuncin uwar kowa ba.

Malami Daga Damagaram:
Sallama gare ku. A wajenmu a Nijar ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, suna rubuta insha'in falsafa a jarrabawar bak, ta kammala sakandare, kuma tsarin da ake koya musu shi ne a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, sannan a haɗa. Abin da za ku iya ɗauka daga ciki: kafin a jefa kwabo, kowace ƙungiya ta rubuta hujja biyu na goyon baya da biyu na suka. Wanda ya riga ya zauna a kujerar abokin karawarsa ba a yi masa ba-zata. Mu ma matsalar harshe ɗaya ce da taku, Faransanci ne kawai a madadin Turanci.

Alƙalin Gasa:
Madalla, wannan ya shiga cikin minti 30 na shiri: goman farko kowa shi kaɗai da takardarsa ba magana, goma na biyu a haɗa a zaɓi hujja uku a raba, goman ƙarshe a hango abin da za a jefo musu. Idan aka fara da surutu, mai bakin cikinsu ne zai cika ɗakin, mai tunanin ya yi shiru.

Saura katse hanzari, wanda shi ne ke kashe hadda ɗungurungum. Yayin da mutum ke jawabi, ɗan ɗaya ɓangaren zai iya miƙewa ya nemi a ba shi dama. Mai magana yana da ikon karɓa ko ya ce a'a da hannu. Idan ya karɓa, mai tambaya daƙiƙa 15 kawai yake da su. Minti na farko da na ƙarshe kariya ne, ba a miƙewa, kuma ba a yi a jawabin rufewa. Mai kula da lokaci ya buga tebur sau ɗaya a minti 1, sau ɗaya a minti 4, sau biyu a minti 5. A jawabin minti 5 a karɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wanda ya ƙi karɓar ko ɗaya a rage masa, wanda ya karɓi huɗu kuma ya miƙa wa abokan karawa lokacinsa. A hana su miƙewa su uku a jere don rikita mai magana, shugaban zama ya tsawatar.

Malamin Hausa:
Yara da yawa za su ji nauyin wannan, saboda an tarbiyyantar da su cewa tarar numfashin mutum rashin kunya ne, balle ɗan aji huɗu ya tari ɗan aji shida. A ba su lafazin da suka sani: "ba na katse ka ba". Da shi ake shiga maganar manya ma a zaure, ba wanda zai ji an raina shi. Haka batun kallon ido. Takardun maki da yawa suna ba da maki a kansa, alhali yarinyar da aka koya wa sunkuyar da kai gaban manya ba za ta zuba wa alƙali namiji ido ba. A ce mata ta kalli saman kawunansu ko bangon baya, daga inda suke zaune ba za su bambance ba. Kuma a makonnin farko a bar ɗaki ɗaya ko biyu na mata zalla, sai murya ta buɗe a gauraya. Idan aka gauraya tun ranar farko, mazan ne za su kwashe matsayin mai magana na uku, a bar wa matan kula da agogo.

Sabon Malami:
To makin fa, Yallaɓai?

Alƙalin Gasa:
A tsarin duniya kashi uku ne: abin da aka faɗa 40, salon faɗarsa 40, dabara 20. Dabara ita ce sanin abin da ya fi muhimmanci a muhawarar, da raba lokaci, da tafiya tare da abokan ƙungiya ba tare da saɓa musu ba. A aikace ba a fita daga 60 zuwa 80, matsakaici 70, jawabin rufewa kuma rabin haka. Wannan iyakar tana da dalili. Idan aka sake wa alƙalai hannu, wani zai ba da 95 wani 40, mai faɗin hannun ya rinjayi sauran.

Shi ya sa ma ba a tara makin alƙalai wuri ɗaya. Kowane alƙali ƙuri'a ɗaya gare shi. Duba: alƙalai biyu sun ba ƙungiyar farko nasara da tazarar maki 2 kowanne, na uku ya ba ta biyu da tazarar 15. Idan aka tara, ta biyu ta ci da 11, alhali biyu cikin uku sun ga ta farko ce ta yi nasara. Rigimar da ake yi a ƙarshen gasa da yawa daga nan take. Alƙalai su zama uku ko biyar, kowa ya cike takardarsa ya miƙa kafin su yi magana da juna, kada babba ya ja ƙanana.

Kurakuran alƙalai da aka fi gani: hukunta kuskuren nahawu sau biyu, a salo da kuma a abin da aka faɗa, ɗaukar karin harshe irin na 'yan makarantar kuɗi a matsayin hujja, bin tafin 'yan kallo, da shigar da ra'ayinsu, wato alƙali ya rushe hujja a zuciyarsa alhali ɗaya ɓangaren ba su rushe ta ba. Abin da ba a amsa ba a ɗakin yana nan tsaye, sai dai in ƙarya ce da kowa ya sani. Kowane alƙali ya kwantar da takarda a kwance ya ja layi gida shida, gida ɗaya ga kowane mai magana, ya riƙa jan kibiya daga hujja zuwa martaninta. Hujjar da ba kibiyar da ta taɓa ta ita ce ta tsira.

Gasar cikin gida kuma kada a yi ta sili-ɗaya-ƙwale. Ƙungiya 8 a wannan tsarin karawa 7 ce, kuma rabinsu sau ɗaya za su yi su koma kallo. A yi zagaye uku, ɗaki huɗu, karawa 12, bayan kowane zagaye a haɗa masu nasara iri ɗaya da juna. Biyun da suka fi su yi ta ƙarshe gaban makaranta.

Malama Mai Jagoranci:
An bar batun lacca a baya, bari in ɗauko shi. Kuskuren farko shi ne neman babban suna. Babban mutum zai zo a makare, yara sun zauna a rana tun ƙarfe goma, a cinye rabin lokaci a gabatar da manyan baƙi, ya yi musu nasiha ta gaba ɗaya a kan ƙwazo da biyayya, ya tafi. Wanda ya fi amfani shi ne mai yin aikin da hannunsa: ungozoma ko nas daga asibitin garin, mai haɗa sola, ma'aikacin gona, lauya matashi, mai gyaran waya, tsohuwar ɗalibar makarantar da ke aji biyu ko uku a jami'a. Ita wannan ta ƙarshen yara sun fi yarda da ita, tunda a kan bencin nan ta zauna.

A aika wa baƙo takarda tun saura mako biyu, a faɗa masa shekarun yaran, yawansu, harshen da zai yi amfani da shi, da tambayoyi huɗu da ake so ya amsa: me kake yi daga safe zuwa yamma, wace hanya aka bi aka kai nan, shekara nawa da kuɗi nawa take ci, mene ne wahalarta da ba a faɗa. Magana minti 20, tambayoyi minti 25. Ya zo da kayan aikinsa a taɓa. Yara kada su wuce aji biyu a zama ɗaya, domin lacca ga makaranta gaba ɗaya a filin asembili da lasifika mai ƙara, layin gaba kaɗai ke ji.

Tambayoyi a rubuce a 'yan takardu ba suna, a tara a kwali. Idan aka ce a ɗaga hannu, yara uku ne za su yi ta tambaya, kuma abin da ya shafi lafiyar 'yan mata ko shaye-shaye ba mai tambayarsa da baki. Malami ya tace takardun kafin a miƙa. Malami kuma ya zauna a ɗakin daga farko har ƙarshe, baƙo ba ya karɓar lambar wayar ɗalibi, ba ya raba fom, ba ya tallar lesin ko magani ko ɗan takara. A rubuta wannan a takardar gayyata don kada a ji kunyar faɗa ranar.

Laccar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta haɗin darussa, kuma ana yin ta a makare. JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole. Likitanci yana son Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya yana buƙatar Adabin Turanci. Sannan ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Yaron da ya ji wannan a aji shida ya riga ya yi shekara biyu a ajin da ba zai kai shi inda yake so ba. Wurinta ƙarshen aji uku ne, ko makon farko na aji huɗu, kuma a gayyaci iyaye.

Malama Mai Adabi:
A ɗaure laccar da muhawarar. Idan mako mai zuwa za a yi maudu'in leda, wannan makon a kawo ma'aikacin tsaftar muhalli. Yara za su saurara da kunnen mai neman hujja, su yi tambayar da ta fi ta kullum, kuma za a ji maganarsa ta dawo a bakinsu. Nan ne za ka san ko laccar ta shiga.

Tsohon Firinsifal:
Malam, ka ƙirga makonninka da gaskiya. Zango kusan mako 13 ne, ka cire na farko da ba a gama dawowa ba, da hutun tsakiya, da bita da jarrabawa, abin da zai rage maka zama 8 ne ko 9. Lacca biyu sun isa a zango, sauran muhawara. Idan azumi ya faɗo ciki, ko zafin Maris da Afrilu, ka roƙi a dawo da kulob safiya, domin bayan azahar ba mai jawabin minti 5 da bushasshen maƙogwaro. Gasar cikin gida ka sa ta a zango na biyu, kafin masu WAEC su karɓe zauren taro da kujeru.

Sabon Malami:
Allah ya ƙara girma, Baba. Tambaya ta ƙarshe: idan aka gayyace mu gasar waje da ke bin tsohon tsarin fa?

Alƙalin Gasa:
Ku je, ku bi dokarsu. Ka nemi takardar makinsu tun kafin ranar, ka ga nawa suka ware wa gaisuwa da shiga da lokaci. Gaisuwar a haddace ta, a taƙaita ta zuwa daƙiƙa 15. Sauran jawabin a kan kati, kuma kowane mai magana in ban da na farko ya ware minti ɗaya na farko ya amsa abin da aka faɗa kafin shi, yana ambaton maganar yadda aka yi ta.